Awa Ɗaya a Bakin Ƙofa

Mai Agogo bai taɓa makara ba a rayuwarsa, kuma bai taɓa barin kowa ya manta da hakan ba. Shekara talatin da bakwai ya yi a ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene da ke fuskantar titi, da teburinsa mai gilashi, da fitila ɗaya, da hantsaki, da ɗan madubin nan da yake maƙalawa a ido ɗaya har fatar wurin ta yi shati. Wurin bai kai ɗakin wanka faɗi ba. In mutum mai nauyi ya hau benen, ƙura takan zubo masa a kan aiki, sai ya ɗaga kai ya yi wa rufin tsaki kamar rufin zai ji kunya. Tabaransa kuwa tun da ƙafarsa ɗaya ta karye ya ɗaure da baƙin zare, ya ce zai gyara gobe. Mutumin da ke gyara abin da ido ba ya gani, shekara shida ya kasa gyara tabaransa.

Wajen kawunsa ya koyi sana'ar, lokacin da agogo yake agogo, ana buɗe shi a ga ƙafafu suna juyawa. Da zamani ya juya, kowa ya koma duba lokaci a waya, aikinsa ya koma canza batir da huda madauri. Bai yi kuka ba, sai mita. Da wannan ya aurar da 'ya'ya uku, ya rage saura autarsu. Ita autar tun tana rarrafe ba ta zama wuri ɗaya, shi ya sa ya sa mata Sakan, wai kamar siririn hannun agogon nan da ba ya hutawa. Sunan ya bi ta har makaranta, har filin tsere, har uwarta ma sai ta yi fushi take tuna sunan gaskiya.

Gudun mita ɗari takwas take yi, wato zagaye biyu na fili. Tun tana shekara goma sha uku uban ne mai riƙe mata agogo. Ya rufe shago da la'asar, ya rataya agogon auna gudu a wuya, ya tsaya a bakin layi yana danna shi, ya rubuta a wani littafi mai baƙin bango. Ba ya ihu kamar sauran iyaye, ba ya yabo. In ta ƙarasa tana haki ta ce, "Baba, nawa?" sai ya faɗa mata daidai, ba ragi ko na ƙiftawar ido. Duk garin babu wanda ya san ƙafafun yarinyar nan kamarsa, kuma wannan sanin ne ya kusa kai shi ya baro.

Shekara huɗu cur Sakan ta maƙale a minti biyu da sakan takwas. Yau takwas, gobe tara, jibi takwas. A lokacin tana aiki a gidan burodi, tun asuba tana tsaye gaban tanda har azahar, sannan ta je ta yi gudu da ragowar ƙarfin. Wata rana ta yanke jiki ta faɗi a fili, aka kwashe ta zuwa asibiti, likita ya ce jininta ya yi ƙasa. Bayan nan ne wani koci ya ɗauke ta. Ya sa ta ajiye aikin burodi, ya sa ta barcin rana kamar jaririya, ya kai ta sansani can kan duwatsu wata uku, aka ba ta wasu takalma masu tudun ƙasa marasa nauyi. Shi ke nan fa, sai lokaci ya fara zubewa. Biyu da shida. Biyu da uku. Biyu da ɗaya. Cikin wata goma sha huɗu, a wata babbar gasa da aka nuna a talabijin, yarinyar Mai Agogo ta yi minti ɗaya da sakan hamsin da tara.

Sai magana ta tashi. A rediyo ana yi, a waya ana yi, amma inda ta fi zafi shi ne kan bencin da ke gaban shagonsa. Mutum biyu ne ke da bencin nan tun fil azal: Mai Makulli, wanda injinsa na yankan makulli ke jikin bango, da Ticha, tsohon malamin wasanni da ya yi ritaya bai ajiye usur ba.

"Ni fa ban ce ta sha komai ba," in ji Mai Makulli, yana goge hannu da tsumma. Kullum da haka yake farawa. "Tambaya kawai nake yi. Sakan tara! Shekara huɗu ba ta rage ko ɗaya ba, dare ɗaya ta rage tara?"

"Wane dare ɗaya?" in ji Ticha. "Wata goma sha huɗu ne dare ɗaya? Yarinyar da take gudu da rabin jini, ba barci, a takalmin da ya sha faci? Ka ba ta jini, ka ba ta barci, ka ba ta takalman zamani, me kake so ta yi, ta tsaya? Ba ita kaɗai ba ce ma, duk masu gudun nan lokacinsu ya sauka."

"To ai shi ne nake faɗa. Duk sun sauka. Kuma duk wanda aka kama da ƙwayar ƙara kuzari, kafin a kama shi takalmi ya ce. Wancan dogon na bara, ba takalmi ya ce ba? Ga shi can an dakatar da shi shekara huɗu, yana tallan katin waya."

"Don an kama ɗaya sai ka ce kowa ɓarawo ne?"

"Don ba a kama mutum ba sai ka ce waliyyi ne?"

Haka za su yi ta yi har injin makulli ya huce. Mai Agogo kuwa yana ciki, madubi a ido, in abin ya ishe shi ya leƙo ya ce, "Ku tashi mini a nan, 'yata ce kuke yanka gabana." Kowa ya ɗauka fushin uba ne. Ba wanda ya san cewa in ya koma gida, littafin nan mai baƙin bango yake buɗewa, ya bi lambobin da yatsa. A sana'arsa, in agogo ya tashi haka kawai ya fara sauri, ba lafiya ce ta ƙaru ba, wani abu ne ya taɓa cikinsa. Bai taɓa ganin akasin haka ba a kan teburinsa. Ya yi ta gaya wa kansa cewa mutum ba agogo ba ne, amma zuciya ta ƙi ji.

Ana cikin haka, wata ranar Lahadi ya ɗauko jakar takalmanta zai gyara mata zip, sai ga wata 'yar kwalba a aljihun gefe. Ƙwayoyi ne jajaye masu duhu, rubutun jikinta na wani harshe ne da bai iya ba, tun daga sansanin duwatsu ta zo da ita. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya mayar inda take. Mai hankali da sai ya ɗaga murya ya ce, "Ke Sakan, mene ne wannan?" Taku goma ne tsakaninsa da ɗakinta. Amma bawan Allah ya ji tsoron amsar, ya ja bakinsa ya yi gum, ko matarsa bai gaya wa ba.

To, akwai wata doka da ke kan duk wanda ya shiga sahun manyan 'yan tsere. Dole kowace rana ta duniya ya rubuta wa hukumar gwaji inda za a same shi na awa ɗaya, su kuma su zo ba sanarwa su ɗauki fitsari ko jini. In suka zo ba su same ka ba, an rubuta maka ɗaya. In ya kai uku cikin wata goma sha biyu, dakatarwa ce, ko jininka ya fi ruwan sama tsabta. Sakan ta rubuta gidansu, daga ƙarfe shida zuwa bakwai na safe. Kuma tana da ɗaya a kanta tun tuni, laifinta ne, ta tafi gasa ta manta ba ta canza adireshi ba.

Kwana uku da ganin kwalbar, da safe yana share ƙofar gida, sai ga mota ta tsaya. Wata mata ta fito, gajeruwa mai tabarau, da jakar sanyi a kafaɗa da kati rataye a wuya, wani mutum na bin ta da fayil. Ta gaishe shi da ladabi, ta faɗi daga inda suke, ta ce wajen 'yarsa suka zo.

Tsintsiyar na hannunsa. Sakan na ciki tana barci, tagar ɗakinta ma ga ta can a rufe. Mai Agogo, wanda ko ragin sakan ɗaya bai taɓa yi wa 'yarsa ba, ya buɗe baki ya ce, "Ai ba ta nan. Ta yi tafiya jiya."

"Baba, kun tabbata? Nan ta rubuta mana."

"Gidana ne, ban san wanda ke ciki ba?"

Matar ba ta yi gardama ba. Suka koma mota suka zauna, shi kuma ya ci gaba da share wurin da ya riga ya share, yana tare bakin ƙofa. Bakwai na bugawa matar ta yi rubutu, suka ja mota. Ya shiga gida yana jin kamar ya ciro 'yarsa daga rijiya. Kai, wautar mai hankali ba ta da kyan gani.

Bayan sati biyu takarda ta iso wa Sakan ta waya. Ta fito falo da ita, uban na shan shayi, uwar na ninke kaya. Ba ta zauna ba. Ta karanta a tsaye, a hankali, kamar mai karanta wa kurma: an zo ranar kaza, ƙarfe shida da minti goma, wani dattijo mai tabarau ɗaure da baƙin zare ya ce ta yi tafiya. Wannan shi ne na biyu.

Uwar ta juya ta kalli tabaran. Babu wani dattijo mai wannan tabarau a duniya sai ɗaya.

"Baba, me ya sa?"

Ya ajiye kofi. Ya so ya ce ya ɗauka 'yan jarida ne, ƙaryar har ta zo bakinsa, ya ga ba zai iya ta biyu ba. Ya ce, "Na ga kwalba a jakarki."

Sakan ta shiga ɗaki ta ɗauko, ta dire a kan tebur. Uwar ce ta riga kowa ɗauka. Ta buɗe, ta zuba biyu a tafin hannu, ta shinshina, sannan ta kalli mijinta kallon da bai taɓa gani ba a shekara arba'in na aure.

"Malam, wannan ce? Wannan ƙwayar ƙarancin jinin? Ni da na sha ta a cikin yara huɗu, kai kake sayo mini ita da hannunka, kana mitar tana sa ni amai? Rubutun jiki ne kawai ya bambanta! Ina cikin gidan nan, bakinka ciwo yake yi da ba ka tambaye ni ba?"

Ita Sakan ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi masa sauƙi. Ta ce, "Mai Makulli ya faɗa, 'yan rediyo sun faɗa, ban damu ba, ba su san ni ba. Na ɗauka ko duniya ta taru a kaina akwai mutum ɗaya da ya ga duk zagayen da na yi. Ashe kai ma kana cikinsu, Baba. Yanzu saura ɗaya. In aka sake zuwa ba a same ni ba, shekara biyu ina zaune, kuma babu wanda zai yarda ba gudun gwaji na yi ba har in mutu."

Ta rubuta wa hukumar bayani, aka amsa cewa alhakin a same ta yana wuyanta ne, ba na mai buɗe ƙofa ba. Sai na farkon ya cika shekara zai fita daga lissafi, kuma saura wata biyar.

Washegari ƙarfe shida saura kwata, Mai Agogo ya fito da kujerar roba ya ajiye a bakin ƙofa ta waje ya zauna. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya hana shi. Bakwai da minti biyar ya ɗauke kujerar ya tafi shago. Jibi ma haka, gata ma haka. Ya cire tsohuwar ƙararrawar gidan ya sa sabuwa, ya ja waya ya kai wata har kan gadon Sakan, ya ƙara ta uku mai batir saboda ɗaukewar wuta. Ya sake fentin lambar gidan da girman da makaho zai laluba. Duk wanda ya rage tafiya a layin da jaka a kafaɗa, sai ya ga dattijo ya miƙe tsaye yana cewa, "Tana ciki! Bismillah, tana ciki!" Ta haka ya shigar da mai karanta mitar ruwa har falo, ya ba shi kujera, ya taso yarinya daga barci. Matarsa ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Sakan ba ta yi ba.

Wannan shi ne abin da ya fi ci masa rai. Ba ta yi masa rashin kunya ba ko sau ɗaya. Takan gaishe shi da safe, ta kawo masa ruwa in ya dawo, amma hira ta mutu. In ta dawo daga fili ba ta faɗa masa nawa ta yi, shi kuma ba shi da fuskar tambaya. Gida ɗaya, amma kamar ɗan haya da mai gida.

A benci kuma labari ya ɓulla cewa an neme ta sau biyu ba a samu ba. Mai Makulli ya kashe injinsa musamman don ya ji daɗin maganar. "Ni fa ban ce komai ba. Amma mai gaskiya me zai sa ya ɓuya?"

Sai Mai Agogo ya cire madubi daga ido, ya fito daga ƙarƙashin matakala, ya tsaya a gabansu.

"Ba ta ɓuya ba. Tana ciki tana barci. Ni na ce musu ba ta nan."

"Kai? Don me?"

"Don na yarda da maganarka fiye da yadda na yarda da 'yata."

Mai Makulli ya sosa ƙeya. Ya ce shi fa tambaya kawai yake yi. Mai Agogo ya ce shi ma da ya yi tambayar a inda ya kamata da bai kai haka ba, ya koma ciki. Ranar ba a ƙara maganar gudu ba, aka koma kan tsadar batir.

Wata ɗaya ya wuce, biyu, uku, masu gwaji shiru. Ya yi mura ya fito da bargo. Aka yi rasuwa a dangi can wani gari, ya ce a yi masa uzuri, sai da rana ya je ya dawo a ranar. Maƙwabta suka saba, masu zuwa aiki suna saita tafiyarsu da shi: in ka fito ba ka ga kujerar a bakin ƙofa ba, ka makara.

A wata na huɗu, wata safiyar Talata, aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Rufin gidan na kwano ne, in ana irin wannan ruwan ko kusa da kunnenka aka yi magana sai an maimaita. Wuta ta ɗauke tun asuba. Matarsa ta tare shi a tsakar gida. "Malam, don Allah ka zauna. Wane mahaukaci ne zai fito neman fitsarin wani a cikin wannan ruwa?"

"Irina," in ji shi, ya ɗauki lema.

Ya danna ƙararrawar batir don gwaji, ta yi wani ɗan kuka ta mutu, ruwa ya shiga cikinta. Ya zauna. Shida da kwata. Shida da rabi. Ruwa na gudu ta ƙarƙashin kujera yana wanke masa ƙafa, lemar ba ta tare komai ba sai tsakiyar kansa. Shida da minti arba'in da ɗaya, ya hango mutum biyu suna tahowa a ƙasa daga bakin layi, sun naɗe ƙafar wando, motarsu ta kasa shigowa. Ta gaba gajeruwa ce, ta rungume jakar sanyi a ƙirji.

Ita ce. Ta tsaya gabansa, ta goge tabaranta, ta kalli nasa.

"Ina kwana, Baba. Yau ma ta yi tafiya?"

"Tana ciki, 'yata. Wallahi tana ciki. Ku shigo, ku yi mini rai ku shigo."

Ya wuce gaba yana ta ƙwala kira, lema a buɗe har cikin falo. Sakan ta fito tana murza ido, matar ta nuna mata kati, ta sa hannu a takarda. Mutumin da ke riƙe da fayil ya duba agogonsa ya rubuta lokaci. Mai Agogo ya leƙa ya ce agogon nasa na baya da minti biyu, amma yau ya yafe.

Daga nan sai jira, don abin ba ya zuwa da umarni. Sakan ta zauna da gorar ruwa a hannu, matar ta zauna kusa da ita ba ta ɗauke ido a kanta, haka dokar take. Uwar ta kawo tawul da shayi. Shi kuma ya tsaya jikin bango, ruwa na ɗiga daga rigarsa, ya rasa inda zai sa kansa. Da aka zo cike fom, matar ta ce a faɗi duk maganin da aka sha cikin kwana bakwai. Sakan ta ɗauko 'yar kwalbar nan ta miƙa, matar ta kalla sau ɗaya, ta kwafi sunan, ta mayar mata ba ko ɗaga gira. Abin da ya hana shi sukuni, ya sa shi ƙarya da furfurarsa, bai ɗauki matar sakan goma ba.

Sai wajen takwas da rabi aka samu. Matar ta raka ta banɗaki suka dawo. Sakan ta zaɓi akwati ɗaya cikin uku, ta buɗe da hannunta, ta raba fitsarin a kwalba biyu, ta murɗa murafan har suka daina ƙara. Matar ta ce tana da damar ta sa wani ya zama wakilinta, ya duba lambobi ya sa hannu, in tana so. Uwar ta fara gyara mayafi za ta matso.

Sakan ta ce, "Baba zai duba."

Ya ɗauka bai ji daidai ba, sai da matarsa ta zungure shi. Ya matso, ya laluba aljihu, ya fito da madubin aikinsa ya maƙala a ido. Lambobin nan manya ne, yaro zai karanta daga bakin ƙofa, amma ya bi su ɗaya bayan ɗaya, na kwalba, na murfi, na akwati, na fom, ya koma ya sake. Mai fayil ya fara murmushi, matar ta harare shi ya daina. Sai da ya gamsu ya sa hannu, ya rubuta cikakken sunansa a ƙasan nata.

Bayan sati uku sakamako ya fito, babu komai. Mai Makulli ya ce gwaji ɗaya ba ya nuna komai, masu dabara sun san yadda suke yi. Ticha ya ce ko mala'ika ne ya sauko ya yi gudu sai Mai Makulli ya nemi a duba fukafukansa. Har yau suna nan suna yi, kuma ba za su gama ba, don babu takardar da za ta rufe bakin wanda bai so ya rufe ba. Mai Agogo ya bar musu. Shi nasa sauƙin bai jira sakamako ba, tun a safiyar ruwan nan ya same shi.

A safiyar nan, da ya raka baƙin bakin ƙofa, ruwa ya tsagaita. Mai fayil ya yi gaba. Matar ta tsaya tana gyara igiyar jaka, ta ce, "Baba, ba aikina ba ne in faɗa, amma na yi mamaki da na ga adireshin bai canza ba. Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki. Duk wanda aka rubuta wa biyu, washegari yake tattara kaya ya koma sansani, inda akwai mai gadi da koci da ƙararrawa a kowane ɗaki. Ban taɓa ganin wanda ya zauna a gidan da abin ya faru ba."

Ya dawo ciki a hankali. Sakan na durƙushe a falo tana goge ruwan da ya shigo da shi. Ya tsaya a kanta.

"An ce da kin so da kin koma sansani."

"Koci ya yi ta fama da ni," in ji ta, ba ta ɗago ba. "Har ɗaki ya ware mini. Sau uku yana zuwa da mota."

"To me ya hana ki? Ke, da na yi barci fa? Da na kwanta ciwo? Duk wahalarki ta shekara goma ki ɗora a kan tsohon da ya riga ya cuce ki sau ɗaya?"

Ta matse tsumman a bokiti. "In na tafi, Baba, shi ke nan an rufe maganar a kan cewa kai ne mutumin da ya kore su. Da haka za ka zauna, da haka zan riƙa kallonka. Ban so ba. Na ce bari in bar maka ƙofar."

Mai Agogo ya cire tabarau, ya goge da rigar da ta fi tabaran jiƙewa, ya mayar. Wani nauyi da ya ɗauka wata huɗu a ƙirji ya sauka gaba ɗaya.

"Ki yafe mini, auta."

"Na yafe tun ranar da ka shigo da mai mitar ruwa. Fushin ne bai gama sauka ba." Ta ɗago ta kalle shi, ta yi dariyar da rabonsa da ji tun kafin takardar nan. "Je ka canza kaya, Baba, kana ɗiga mini a inda na goge. Kuma kar ka yi mura. Saura wata ɗaya, gobe ma kai ne a ƙofa."